Kare da Bayan Gidansa: A Gida da Kan Hanya

 Wanda ke da kwanon abinci a gabansa ya yi mini afuwa, domin yau a kan kashi da fitsarin kare za mu tattauna: inda yake yi, lokacin da yake yi, abubuwan ban mamakin da yake yi kafin ya tsuguna da bayan ya tashi, da yadda mai shi zai bi da shi a gida da kuma ranar tafiya.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kare? Ruwanmu da shi kuwa babba ne. Mafarauci yana da shi, makiyayi yana da shi a ruga, manomi yana ajiye shi a gona, a birni ma gidaje da yawa sun ajiye shi don gadi, musamman a 'yan shekarun nan da sata da rashin tsaro suka dame mu. Wanda ma bai taɓa kiwon kare ba, ɗansa yana wasa da ƙasar da karen maƙwabci ya tsuguna a kai. Malamanmu sun yi bayani cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun kuma yi bayani cewa kashinsa da fitsarinsa najasa ne. To gidan da ake alwala a tsakar gida, ake shanya hatsi a tabarma, jariri yana rarrafe a ƙasa, ba gidan da za a bar wannan al'amari kara zube ba ne.

Abin da nake so ya fara zama a zukatanmu shi ne, kare ba ya ɓata maka ƙofar ɗaki don ya ƙuntata maka. Ba ya riƙe ka a zuci, ba ya ramuwa. Duk abin da ka ga yana yi akwai dalili a hancinsa, ko a cikinsa, ko a abin da aka sabar masa tun yana kwikwiyo, ko kuma tsoro ne. Wanda ya gane dalilin, aikinsa ya zo da sauƙi. Wanda bai gane ba, sai ya ƙare da sanda a hannu, karen kuma bai gyaru ba.

Mu fara da hanci, don kare da hancinsa yake sanin duniya. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin jin ƙamshi da wari a hancin wasu karnuka sun kai miliyan 300, namu kuwa ba su wuce miliyan 6 ba. Shi ya sa in ka fita da shi sai ka ga ya tsaya a gindin falwaya yana ta sansana, ka ja shi ya ƙi tafiya. Gindin falwayar nan a wurinsa allon sanarwa ne. Daga ɗigon fitsarin da wani kare ya bari, yana gane namiji ne ko mace, babba ne ko yaro, karyar tana neman barbara ko ba ta nema, yau ya wuce ko jiya. In ya gama karantawa sai ya ɗaga ƙafa ya ajiye nasa saƙon. Wannan ba fitsarin matsuwa ba ne, shaida ce yake sakawa, don haka za ka ga ɗan kaɗan yake yi, nan da can, sau goma a tafiya guda. Namiji yakan fara ɗaga ƙafa in ya balaga, galibi daga wata shida zuwa shekara, wasu matan ma suna yi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka a 2018 ya nuna cewa ƙananan karnuka sun fi manya ɗaga ƙafa sama, wato suna ƙoƙarin kai shaidarsu inda ya fi tsayinsu, watakila don mai sansanawa ya ɗauka babba ne ya wuce.

Sai kuma kewaye-kewayen nan. Kare zai zo wuri ya juya, ya sake juyawa, ya matsa gaba, ya dawo, har mai shi ya gaji da jira. Masana ɗabi'ar dabbobi suna ganin yana tattake ciyawa ne, yana duba ko akwai abin cutarwa, kuma motsin kansa yana taimaka wa hanji ya saki. Akwai ma wani bincike da ya yi suna a 2013, wanda masana daga Jamhuriyar Cek da Jamus suka yi. Sun bi karnuka 70 na jinsi 37 har shekara biyu, suka rubuta tsugunno 1,893 da fitsari 5,582. Suka ce a lokacin da maganaɗisun duniya yake a natse, karnuka sun fi son daidaita jikinsu tsakanin arewa da kudu in za su tsuguna. Wasu masanan da suka gwada daga baya ba su ga haka ba, don haka maganar ba ta zauna ba tukuna. Abin da ya zauna shi ne, kare yana buƙatar lokaci kafin ya zaɓi wuri. In ka fizge igiya yana tsakiyar neman wurin, ka katse masa abin, zai riƙe, ya zo ya sauke maka a zaure.

In ya tsuguna kuma za ka ga yana kallonka. Ba kunya ba ce. A wannan halin ba ya iya gudu, ba ya iya faɗa, don haka ana ganin yana duban wanda ya amince da shi ne ya ga ko akwai haɗari. Ka tsaya shiru, kada ka daka masa tsawa. Bayan ya tashi sai ya kama kartar ƙasa da ƙafafun baya yana watsa ƙura. Mutane da yawa suna zaton binnewa yake yi irin na kyanwa. A'a, tsakanin yatsun ƙafarsa akwai wasu ƙulli masu fitar da wari nasa na kansa, kartar nan ƙarin shaida ce, ta ido da ta hanci. Ba laifi ba ne, sai dai ka zaɓa masa wurin da ƙasar ba za ta faɗa cikin shanya ko bakin randa ba.

To yaya ake koya masa wuri? A nan ne yawancin gidaje suke yin sakaci, alhali aikin 'yan makonni ne in an yi shi a kan lokaci.

Kwikwiyo a makonni ukun farko ba ya iya yin komai da kansa, uwar ce take lasar cikinsa da ƙasan jelarsa har ya saki. Daga nan sai ya fara rarrafowa daga makwanci ya yi a gefe, domin a halittarsa kare ba ya son ɓata inda yake kwana. Wajen mako na takwas kuma sai ƙafarsa ta fara sabawa da irin ƙasar da yake tsugunawa a kai. Wanda ya tashi a kan yashi, yashi zai nema har tsufansa. Wanda aka rena a kan siminti, in ka kai shi cikin ciyawa sai ya tsaya yana kallonka, ya riƙe har ku dawo gida ya samu daɓe. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta in mun zo batun tafiya.

Mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce. Abin da likitocin dabbobi suke kwatantawa da shi shi ne awa ɗaya a kan kowane wata na haihuwarsa: ɗan wata biyu, awa biyu, ɗan wata huɗu, awa huɗu. Kuma lokutan da abin ke zuwa masa sanannu ne. Da ya farka daga barci, da minti goma sha biyar zuwa rabin awa bayan cin abinci, da bayan ya yi wasa ya gaji. A waɗannan lokutan kada ka jira ka ga alama, ɗauke shi kawai ka kai shi wurin da ka ware. In ka ga ya sa hanci a ƙasa yana kewaye da sauri, to saura ƙiris.

Wurin ya zama guda ɗaya tak, a ƙuryar gida ko bayan gida, nesa da rijiya, nesa da madafi, nesa da wurin alwala da inda yara ke wasa. Zuba yashi don kwashewa ta yi sauƙi. Abinci kuma a ba shi a kan lokaci, kwikwiyo sau uku ko huɗu a rana, babba sau biyu, in ya ci a ɗauke kwanon. Karen da ake jefa wa ɗan ƙanzo yanzu, ɗan ƙashi an jima, ragowar tuwo da tsakar dare, cikinsa ba shi da agogo, ba kuwa yadda za a yi ka san lokacin fitarsa.

Ga wata dabara da nake so kowane mai kare ya ɗauka. Zaɓi kalma guda, gajera, misali “yi maza”. Duk lokacin da ya fara tsugunawa a wurin da ka ware, ka faɗe ta a hankali. Da ya gama, nan take, tun bai matsa daga wurin ba, ka yaba masa da murya mai daɗi, ka miƙa masa ɗan guntun nama ko ƙuli-ƙuli. Nan take na ce, domin in ka bari sai kun dawo ƙofar ɗaki, zai ɗauka ladan dawowa ne. Bayan 'yan makonni kalmar da kanta za ta riƙa sa shi ya tsuguna. Da irin wannan horo ake koya wa karnukan da ke yi wa makafi jagora a Ingila su yi bayan gida in an umarce su, don makahon ya san lokaci da wurin da zai kwashe. Abin da ya yiwu a can, zai yiwu da karenmu na gida, don ba a fi shi ƙwaƙwalwa ba.

Akwai wata al'ada a gidajenmu na birni da ba zan wuce ban yi magana a kanta ba. A kulle kare a keji tun asuba, ba za a buɗe shi ba sai sha ɗayan dare, wai don ya yi zafi. Awa goma sha shida ko fiye, dabba tana riƙe da fitsari cikin zafin rana. In ya kasa riƙewa ya yi a inda yake kwance, ya kwanta a kai, ƙuda su taru, fatarsa ta yi gyambo, kuma ɗabi'ar tsaftar da Allah ya halicce shi da ita ta mutu. Daga baya a ce karen ƙazami ne. Wannan zalunci ne, kuma dabbar da ka tsare haƙƙinta yana wuyanka. Babban kare mai lafiya yana buƙatar a fito da shi aƙalla sau uku zuwa huɗu a wuni. In maigida yana wurin aiki, a ɗora wa wani babba a gidan, kada a bar wa ƙananan yara.

Sai batun duka. Ka dawo ka tarar da kashi a falo ko a zaure, ka jawo kare ka dangwara masa hanci a ciki, ka zabga masa bulala. Shi bai haɗa dukan da abin da ya yi awa biyu da suka wuce ba. Abin da ya koya shi ne, in ga kashi ga maigida, to akwai wuya. Sai ya koma yi a ɓoye, bayan randa, ƙarƙashin mota, bayan buhunan hatsi, kuma ya daina yi a gabanka ko da ka kai shi wurin da ya dace. Za ka ce ai da na shigo ya sunkuyar da kai, ya san ya yi laifi. Wata masaniya a birnin New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009, ta ga karnuka suna yin wannan fuskar ne in an yi musu faɗa, ko sun yi laifin ko ba su yi ba. Fuskar tsoro ce. In ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya ka katse shi, ka kai shi wurinsa, in ya ƙarasa a can ka yaba masa. In kuwa bayan an gama ka tarar, ka kwashe kawai ka ƙara sa ido.

Haka kwikwiyon da ke zubar da fitsari in maigida ya shigo, yana kwantawa yana kaɗa jela. Wannan ladabi ne irin na karnuka, ko kuma murna ce ta yi masa yawa. Tsawa ƙara shi take yi. Shigo ba hayaniya, kada ka tsaya a kansa kana zare ido, ka bari ya natsu kafin ka kula shi. Yawancinsu suna bari in sun girma.

Wanke wurin kuma sai an yi da gaske, don in hancinka bai ji komai ba, nasa yana ji, kuma warin kiran sa yake yi ya dawo. Tsane fitsarin da tsumma, wanke da ruwa da omo, sa'an nan ka bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa. Guji duk abin wankin da ke da sinadarin amoniya, don warinsa ya yi kama da na fitsari. In kare ya yi zawo, bayan an wanke a bi da bilic, awo ɗaya cikin awo talatin na ruwa. Amma uwargida a kula, kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal a wuri guda, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Yanzu ga ɗabi'ar da ta fi tayar wa mutane hankali, wato kare ya ci kashi, nasa ko na wani kare, ko na yara in an bar fo a buɗe, ko na mutane a inda ake ba-haya a fili. A 2018 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar da bincike cewa wajen karnuka 16 cikin 100 suna da wannan ɗabi'a a kai a kai, kuma sun fi cin wanda bai wuce kwana biyu ba. Magungunan da ake sayarwa don hana su kuwa, waɗanda suka yi wa amfani ba su wuce 2 cikin 100 ba. Don haka kada ka ɓata kuɗinka, kada kuma ka barbaɗa barkono. Maganin da ke aiki shi ne kada ya samu abin da zai ci: a kwashe da wuri, a zubar da fo nan take, a ciyar da shi ya ƙoshi, a ba shi maganin tsutsa.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa na damu da maganar nan fiye da batun wari da ƙyama, wato lafiyar 'ya'yanmu.

A cikin kashin kare, musamman kwikwiyo, akwai ƙwan wata tsutsar ciki da ido ba ya gani. Ranar da aka yi kashin, ƙwan bai nuna ba. Sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a cikin ƙasa sa'an nan yake iya kama mutum, daga nan kuma yana iya zama da rai shekaru. Yaro ya yi wasan ƙasa, ya sa hannu a baki, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta bi jini ta tafi hanta ko huhu, wani lokaci ta shiga ido ta lalata gani. Ku lura da wannan tazara ta mako biyu, domin rahama ce. Wanda yake kwashewa kullum ya riga ƙwan nuna. Akwai kuma wata tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa in an taka ƙasa mai laima ba takalmi, sai ka ga wani jan zare yana tafiya a ƙarƙashin fata yana ƙaiƙayi, an fi ganinsa da damina.

Ta ukun ita ce ta shafi layya da mahauta kai tsaye. In an feɗe rago ko saniya ko raƙumi, wani lokaci akan ga wasu ƙulli masu ruwa a jikin hanta ko huhu. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. To a nan cutar take samun hanya. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, kuma wannan ƙwan tun ranar farko yake kama mutum. In ya shiga cikin mutum sai irin ƙullin nan ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, yana girma a hankali shekara da shekaru, sau da yawa sai da tiyata. Yankin Turkana na ƙasar Kenya, inda makiyaya ke zama kusa da karnukansu, yana cikin wuraren da aka fi sanin wannan cuta a duniya. Don Allah, duk kayan cikin da aka ga ƙulli a jikinsa a ƙone ko a binne da zurfi. Wanda za a ba kare kuma a dafa shi.

Kashin da aka kwashe a zuba a masai, ko a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya. Kada a tura shi kwata, kada a watsa a bola inda awaki da yara ke bi, kada kuma a sa shi taki a lambun salak da karas da kabeji. Toka tana rage wari da ƙuda, amma ba ta kashe ƙwan tsutsa. A ware shebur guda don wannan aiki, a wanke hannu da sabulu. Maganin tsutsa kuwa ana fara ba kwikwiyo tun yana mako biyu, ana maimaitawa duk mako biyu har ya kai wata uku, babba kuma duk wata uku. Likitan dabbobi ne zai auna gwargwadon nauyinsa.

Masu sauraro, bari mu juya ga tafiya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Koken da aka fi ji shi ne, mun taso tun safe, mun tsaya sau uku, karen ya ƙi yin komai, muna shiga gidan mutane ya saki a tsakar gida. Ku tuna abin da na faɗa game da sabon ƙafa. Karen da bai san komai ba sai yashin gidanku, bai kuma taɓa tsugunawa da igiya a wuya ba, ba zai fara a bakin titi manyan motoci suna wucewa ba. Saboda haka makonni kafin tafiya ka riƙa fita da shi da igiya, yau kan ciyawa, gobe kan tsakuwa, jibi kan jar ƙasa, kana faɗa masa kalmar nan da ya sani. Ka kuma riƙa ɗaukarsa a mota gajeriyar tafiya, don kwikwiyoyi da yawa mota tana juya musu ciki, su yi ta dalalar da miyau, su yi amai ko zawo.

Ranar tafiya a ba shi abinci kaɗan awa uku zuwa huɗu kafin a tashi. Ruwa kuwa kada a hana shi. Wasu suna hana kare ruwa wai don kada ya yi fitsari a mota, wannan ganganci ne a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Kafin a shiga mota a zagaya da shi ya sauke abin da ke cikinsa. A doguwar hanya, kamar daga Kano zuwa Abuja ko daga Maradi zuwa Yamai, a tsaya duk awa biyu zuwa uku, kwikwiyo da tsohon kare kuma fiye da haka. A ɗaura igiya tun kafin a buɗe ƙofa, don kare in ya firgita a baƙon wuri titi yake faɗawa.

Wurin tsayawa ma abin dubawa ne. Matsa nesa da masallaci da wurin alwala, nesa da rumfar mai shayi da masu abinci, nesa da inuwar da matafiya ke hutawa. Mutanen wurin ba su ajiye kare ba, ba su da dalilin ɗaukar ƙazantar naka. Sa hannunka cikin leda, ka ɗauka, ka juya ledar ka ƙulle, ka tafi da ita inda ya dace. Ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka bari wani ya taka ya shiga sahu. A wasu ƙasashe ma doka ce: birnin New York ya fara tilasta kwashewa tun 1978, a Ingila kuma tara tana iya kaiwa fam 1,000 in an je kotu. Kafin ka sauke shi a kan kwalta da rana, ɗora bayan hannunka a kai. In ba za ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba, kuma karen da ƙafarsa ke ƙuna ba zai tsaya ya tsuguna ba. Kada a sa kare a but ɗin mota, kada a bar shi a mota a kulle ko na minti kaɗan ne.

Guzurinsa ba shi da yawa: ledoji, tsumma, tsohuwar jarida ta shimfiɗa, jarkar ruwan gida, abincin da ya saba ci, da katin rigakafinsa, musamman na ciwon haukan kare. Canjin abinci farat ɗaya yana kawo zawo, in dole ne a canza, a riƙa gaurayawa a hankali har mako guda. Ga kuma dabara mai sauƙi: ɗebi ɗan yashi daga wurin da yake tsugunawa a gida, ka ƙulle a leda. In kun isa, kafin ya shiga cikin gida, kai shi wurin da masu gidan suka yarda, ka zuba yashin, ka tsaya da shi ka faɗi kalmarsa. Hancinsa zai gaya masa nan ne. Kwana biyun farko kada a sake shi yana yawo a gidan, domin namiji zai so ya sa shaida a kowane lungu.

Kwikwiyon da bai gama allurar rigakafi ba, kada a sauke shi a ƙasan tasha ko gidan mai inda karnuka ke yawo. Akwai cutar da likitoci ke kira fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana sa amai da zawon jini mai wari, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa. Shimfiɗa masa jarida a cikin mota ya fi.

'Yan'uwana mafarauta da ke loda karnuka a a-kori-kura in rani ya yi, ku ma maganar ta shafe ku. Kada a cika su da abinci dab da tashi, a tsaya a shayar da su, kada a jefa musu ɗanyen kayan cikin naman dawa, in an dawo kuma a ba su maganin tsutsa kafin su koma cikin iyali.

Wani lokaci canjin ɗabi'a ba taurin kai ba ne, ciwo ne. Karen da ya iya tsafta sai ga shi yana fitsari a ko'ina, ko yana shan ruwa fiye da kima, ko yana jan gindi a ƙasa, wanda galibi wasu 'yan jakunkuna biyu ne a gefen duburarsa suka cika, ko kuma tsutsa, duk a kai shi a duba. In yana yunƙuri fitsari ba ya fita, ko ya kwana ya wuni bai yi ba, wannan na gaggawa ne, kada a jira gobe. Haka in ya wuce kwana biyu bai yi kashi ba, wanda yawan cin ƙashi yakan jawo, ko aka ga jini, ko kashin ya yi baƙi ƙirin. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane, suna iya kashe shi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa.

Maigida, uwargida, gobe da safe in Allah ya kai mu, kafin yara su fito wasa, a zagaya tsakar gida da ƙofar gida da shebur, a kwashe, a ware wa karen wurinsa, a kuma duba yaushe rabonsa da maganin tsutsa da allura. Wanda maƙwabcinsa ke da kare, ya isar masa da wannan saƙo cikin mutunci.